Tambaya da Amsa: Jam'iyyun Amurka, dokokin masu neman jinsi ɗaya da zaɓen da ke tafe

Yayin da Amurka ke shirin zaɓen rabin wa'adi da za a yi ranar 3 ga Nuwamba 2026, masu karatu da dama sun aiko da tambayoyi kan taƙaddamar da ke tsakanin manyan jam'iyyun ƙasar biyu game da dokokin da suka shafi masu neman jinsi ɗaya, wato 'yan luwaɗi da maɗigo. Hukuncin addini a kan wannan al'amari sananne ne ga masu bin wannan fili, kuma malamai ne ke da hurumin bayaninsa. Abin da aka tambaye mu shi ne yadda siyasar take gudana a can, wa ke neman me, da kuma abin da ƙuri'a za ta iya sauyawa.

Tambaya: Malam, kullum muna jin cewa jam'iyyar Dimokurat ce ta kawo auren jinsi a Amurka, ita kuwa Rifablikan tana yaƙi da shi. Shin haka lamarin yake tun asali? Daga wani malamin makarantar sakandare.

Amsa: Malam, idan maganar yau ake yi, akwai ƙamshin gaskiya a wannan rabon, amma wanda ya waiwayi shekara 30 da suka wuce zai tarar da jam'iyyun biyu a wuri guda. A 1996 majalisun tarayya suka zartar da Dokar Kare Aure, wadda ta ce a wurin gwamnatin tarayya aure shi ne tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya, ta kuma ba kowace jiha damar ƙin amincewa da auren jinsi da aka ɗaura a wata jiha. A Majalisar Dattawa sanatoci 85 suka goyi baya, 14 suka ƙi, a Majalisar Wakilai kuma ƙuri'a 342 ce ta rinjayi 67. Joe Biden yana cikin sanatocin da suka goyi bayanta, kuma wanda ya sa mata hannu shi ne Bill Clinton, ɗan Dimokurat.

Kotuna ne suka fara buɗe ƙofar. A 2003 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Teksas da ta haramta mu'amalar jinsi ɗaya tsakanin manya, kuma a ƙarshen wannan shekarar kotun ƙolin jihar Massachusetts ta yanke cewa tsarin mulkin jihar bai yarda a hana irin wannan aure ba, aka fara ɗaura shi a can a watan Mayun 2004. Wannan ya faɗo daidai shekarar zaɓen shugaban ƙasa. George W. Bush ya nemi a yi wa tsarin mulkin tarayya gyaran da zai haramta auren jinsi, gyaran ya mutu a Majalisar Dattawa, amma a ranar zaɓe jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan saka haramcin a nasu tsarin mulkin, kuma a dukkansu haramcin ya yi nasara. Abokin karawar Bush, John Kerry, shi ma bai goyi bayan auren jinsi ba, gyaran tsarin mulkin tarayyar kawai ya ƙi. Haka Barack Obama ya shiga takara a 2008 yana cewa aure tsakanin namiji da mace ne, kuma a ranar da jihar Kalifoniya ta ba shi gagarumin rinjaye, a ranar ne masu zaɓen jihar, da kimanin kashi 52 cikin 100, suka haramta auren jinsi.

Sai a watan Mayun 2012 Obama ya fito fili ya ce ya sauya ra'ayi, kwanaki kaɗan bayan mataimakinsa Biden ya riga shi furta hakan. Dalilin jinkirin da dalilin sauyin duka suna cikin alƙaluman cibiyar Gallup, wadda ta daɗe tana auna ra'ayin Amurkawa. A 1996 kashi 27 cikin 100 ne kawai suka yarda doka ta amince da auren jinsi, a 2011 adadin ya haura rabi a karon farko, a 2022 kuma ya kai kashi 71. Jam'iyyar Dimokurat ba ta ja jama'a zuwa wannan matsayi ba, ta jira ne har ta ga inda masu ƙuri'arta suka dosa, musamman matasa da mazauna manyan birane, sannan ta bi sahu.

Ita ma Rifablikan ba baki ɗaya take magana ba. Dick Cheney, mataimakin Bush, wanda 'yarsa ke zaune da mace, ya raba gari da ubangidansa kan gyaran tsarin mulkin tun a 2004. Sanata Rob Portman na Ohio ya sauya matsayi a 2013 bayan ɗansa ya bayyana masa halin da yake ciki. Alƙalin da ya rubuta hukuncin 26 ga Yuni 2015 a shari'ar Obergefell, wanda ya halatta auren jinsi a duk jihohi 50 da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, shi ne Anthony Kennedy, wanda Ronald Reagan ya naɗa. Kundin manufofin jam'iyyar na 2016 ya yi tir da wannan hukunci, amma na 2024 ya cire batun, kuma sakataren baitulmalin da Donald Trump ya naɗa a 2025, Scott Bessent, mutum ne da ke da auren jinsi. Sai dai a ƙasa, wurin talakawan jam'iyyar, akalar ta soma juyawa: Gallup ta sami kashi 55 na 'yan Rifablikan suna goyon bayan auren a 2021, amma a 2025 sun sauko zuwa kashi 41, alhali 'yan Dimokurat suna kashi 88. Tazarar da ke tsakanin magoya bayan jam'iyyun biyu a yau ta fi ta shekarun baya faɗi, ko da yake shugabannin Rifablikan sun rage ambaton auren a bainar jama'a.

Tambaya: Malam, tun da Trump na kan mulki kuma jam'iyyarsa ce ke riƙe da majalisu biyu, me ya hana su soke auren jinsi? Idan suka sake cin zaɓen Nuwamba za su iya? Daga wani ɗalibin nazarin shari'a.

Amsa: Ɗalibi, shugaban ƙasa ba shi da ikon soke hukuncin Kotun Ƙoli, majalisa ma ba ta da shi idan hukuncin fassarar tsarin mulki ne, kamar yadda na 2015 yake. Hanyoyi biyu ne kawai. Ta farko ita ce gyaran tsarin mulki, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar jihohi 38, abin da Bush ya kasa samu a lokacin da mafi yawan Amurkawa ke adawa da auren, balle yanzu. Ta biyu ita ce kotun da kanta ta warware hukuncinta.

Wannan hanya ta biyu ce ta tayar da hankali a watan Yunin 2022, lokacin da kotun ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki. Alƙali Clarence Thomas ya rubuta a nasa ra'ayin cewa ya kamata a sake duba wasu hukunce-hukuncen da aka gina a kan tushe iri ɗaya, ya kuma ambaci na Obergefell da suna, ko da yake Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce abin da suka yanke bai shafi komai ba sai zubar da ciki. Fargabar tana da tushe, domin daga cikin alƙalai biyar da suka ba da rinjaye a 2015 biyu ne kawai suka rage a kotun, Sonia Sotomayor da Elena Kagan, yayin da uku daga cikin huɗun da suka ƙi suna nan, kuma shida daga cikin alƙalai tara na yanzu shugabannin Rifablikan ne suka naɗa su.

Martanin majalisa shi ne Dokar Mutunta Aure, wadda Biden ya sa wa hannu ranar 13 ga Disamba 2022. A Majalisar Dattawa ta sami ƙuri'a 61 a kan 36, ciki har da 'yan Rifablikan 12, a Majalisar Wakilai kuma 'yan Rifablikan 39 suka goyi bayanta a ƙuri'ar ƙarshe. Mutane da yawa suna yi wa wannan doka gurguwar fahimta. Ba ta tilasta wa kowace jiha ta ɗaura auren jinsi ba. Abin da ta yi shi ne soke dokar 1996, da wajabta wa gwamnatin tarayya da kowace jiha su amince da auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a wata jiha, na jinsi ɗaya ne ko na masu bambancin launin fata. Saboda haka ko da kotun ta warware hukuncin 2015, jihohin da tsofaffin haramce-haramcensu ke nan a rubuce za su iya daina ɗaurawa, amma ba za su iya rushe auren da aka ɗauro daga wata jiha ba.

Masu neman a warware hukuncin ba su haƙura ba. Babban taron cocin Baftis na Kudu (Southern Baptist) na Amurka, ɗariƙar Furotesta mafi girma a ƙasar, ya yi kira da a soke shi a watan Yunin 2025. Amma a watan Nuwamban 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar Kim Davis, tsohuwar magatakardar wata gunduma a jihar Kentucky da aka tsare na 'yan kwanaki a 2015 saboda ta ƙi ba da takardun aure don adawa da auren jinsi, wadda ta nemi kotun ta sake duba hukuncin. A nawa ganin, zaɓen Nuwamba ba zai taɓa auren jinsi kai tsaye ba. Tasirinsa na nesa ne, ta hanyar Majalisar Dattawa, domin ita ce ke tabbatar da alƙalan da shugaban ƙasa ya zaɓa, kuma alƙalin tarayya ba shi da wa'adi.

Tambaya: Malam, an ce a Amurka za a iya ɗaure limami idan ya ƙi ɗaura auren jinsi a masallacinsa. Gaskiya ne? Daga wani ladan.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Malam. Gyara na farko na tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati tsoma baki a ibada, kuma dokar 2022 ta ambaci coci-coci da masallatai da majami'un Yahudawa, ta ce ba za a tilasta musu su ɗaura ko su shirya bikin wani aure ba, kuma ba za a kai su ƙara saboda sun ƙi. Wannan sharaɗi ne ya sa cocin Mormon, wanda koyarwarsa ba ta yarda da auren jinsi ba, ya goyi bayan dokar. Kim Davis ma'aikaciyar gwamnati ce da ta ƙi bin umarnin kotu a ofishin gwamnati, shi ya sa matsayinta ya bambanta da na limami. Dokar ta kuma fayyace cewa gwamnatin tarayya ba za ta amince da auren da ya haɗa fiye da mutum biyu ba.

Tambaya: Malam, idan maganar aure ta zauna, to a kan me ake ci gaba da jayayya? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, tsugune ba ta ƙare ba, domin aure ɓangare ɗaya ne kawai na abin da ake nema. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasa, amma ba ta ambaci masu neman jinsi ɗaya ba. Tun 1994 ake gabatar da ƙudurin da zai hana korar mutum daga aiki saboda wannan dalili. Ya faɗi da ƙuri'a ɗaya tak a Majalisar Dattawa a 1996, ya wuce Majalisar Wakilai a 2007 bai wuce Dattawa ba, ya wuce Dattawa a 2013 shugabannin Rifablikan a Majalisar Wakilai suka ƙi kawo shi zaure. Abin da majalisa ta kasa yi cikin shekara 26, kotu ta yi shi a watan Yunin 2020 a shari'ar Bostock, inda alƙalai shida suka ce korar ma'aikaci saboda yana neman jinsi ɗaya ko ya sauya jinsi bambanci ne na jinsi da dokar 1964 ta riga ta hana. Neil Gorsuch, wanda Trump ya naɗa, shi ya rubuta hukuncin.

Hukuncin ya tsaya ne a kan aiki. Game da hayar gida da shaguna da otal-otal, ƙasa da rabin jihohi ne ke da cikakkiyar dokar kariya, kuma wannan giɓi ne 'yan Dimokurat ke son cikewa da ƙudurin da suke kira Dokar Daidaito. Ya wuce Majalisar Wakilai a 2019, ya sake wucewa a 2021 da ƙuri'a 224 a kan 206, amma sau biyun ya maƙale a Majalisar Dattawa, inda ƙa'ida ta ce sai sanatoci 60 cikin 100 sun yarda kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a. Hujjar masu goyon baya ita ce bai dace mutum ya rasa matsuguni ko a kore shi daga shago saboda rayuwarsa ta gida ba. Hujjar masu adawa ita ce ƙudurin ya fito fili ya hana kowa kare kansa da dokar 'yancin addini ta 1993, wadda jam'iyyun biyu suka zartar kusan baki ɗaya, don haka makarantun addini da asibitocin coci da ƙananan 'yan kasuwa za su rasa garkuwarsu.

A kotu kuwa masu hujjar addini sun yi ta samun nasara. A 2018 Kotun Ƙoli ta ba wani mai yin kek a jihar Colorado gaskiya, bisa dalilin cewa hukumar jihar ta nuna ƙiyayya ga addininsa lokacin da ta hukunta shi kan ƙin yin kek ɗin bikin auren jinsi. A 2023 ta yanke cewa ba za a tilasta wa wata mai tsara shafukan intanet a jihar ta tsara shafin bikin da ya saɓa wa aƙidarta ba.

Ni dai ina ganin jihar Utah ta nuna cewa sulhu yana yiwuwa. A 2015 majalisar jihar, wadda Rifablikan ke da rinjaye a cikinta, ta zartar da dokar da ta hana bambanci a aiki da gidan haya, ta kuma keɓe cibiyoyin addini, bayan cocin Mormon da ƙungiyoyin masu neman jinsi ɗaya sun zauna sun daidaita. Babu ɓangaren da ya sami duk abin da yake so, amma an kare abincin mutane, an kuma kare ibadar mutane. Abin takaici shi ne irin wannan sulhu ba ya tara kuɗin yaƙin neman zaɓe, kuma ɗan majalisar da ya rungume shi yana fuskantar haɗarin faɗuwa a zaɓen fid da gwani, inda masu zafin ra'ayi suka fi fitowa.

Zafin jayayyar yanzu ya koma kan masu sauya jinsi. A ranar da ya koma mulki, 20 ga Janairu 2025, Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ce gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani, daga baya ya ba da wani umarnin kan wasannin mata. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar jihar Tennessee da ta hana ba wa yara ƙanana magungunan sauya jinsi, kuma jihohi sama da 20 suna da irinta.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya uku a makarantar firamare ta gwamnati a Amurka, kuma na sami takardar zama 'yar ƙasa. Ina tsoron abin da ake koya wa yara, amma kuma ina tsoron yadda wasu 'yan Rifablikan ke kallon Musulmi da baƙi. Ina mafita? Daga wata uwa mazauniyar Amurka.

Amsa: Hajiya, wannan hali na gaba kura baya siyaki ba ke kaɗai ke cikinsa ba, kuma tarihin ƙuri'ar Musulmin Amurka ya nuna haka. A 2000 manyan ƙungiyoyinsu Bush suka mara wa baya, saboda suna ganin Rifablikan ta fi kusa da su a batun iyali. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 da yaƙin Iraƙi suka koma Dimokurat, kuma haramcin shiga Amurka da Trump ya ɗora wa wasu ƙasashen Musulmi a 2017 ya ƙara ɗaure su a can. Musulmai mata biyu na farko a Majalisar Wakilai, Ilhan Omar da Rashida Tlaib, duka sun kaɗa wa Dokar Daidaito ƙuri'a.

Makaranta ce ta fara sassauta wannan ƙawance. A 2022 iyaye Musulmi a birnin Dearborn na jihar Mishigan suka cika zauren hukumar makarantu suna neman a cire wasu littattafai daga ɗakunan karatu, kafaɗa da kafaɗa da Kiristoci 'yan Rifablikan. A watan Yunin 2023 majalisar birnin Hamtramck, wadda dukkan mambobinta Musulmi ne, ta hana kafa tutar masu neman jinsi ɗaya a kadarorin birnin, abin da ya ɓata wa tsofaffin abokansu 'yan Dimokurat rai matuƙa, kuma magajin garin na lokacin, Amer Ghalib, ya mara wa Trump baya a 2024. Trump ya zo na ɗaya a Dearborn a wannan zaɓe, sai dai duk mai adalci zai ce yaƙin Gaza ne ya fi komai nauyi a wannan sakamako.

Abin da ya fi shafar ki kai tsaye shi ne hukuncin 27 ga Yuni 2025 a shari'ar Mahmoud. Hukumar makarantun gundumar Montgomery a jihar Maryland ta saka littattafan labarai masu ɗauke da batun jinsi ɗaya da sauya jinsi a darasin Turanci na ƙananan azuzuwa. Da farko ta bar iyaye su janye 'ya'yansu daga darasin, a 2023 kuma ta soke wannan dama. Iyaye Musulmi da Katolika da mabiya ɗariƙar Otodoks suka kai ƙara, kuma Kotun Ƙoli, da rinjayen shida a kan uku, ta ce dole a sanar da su a kuma ba su damar janye yaransu. Hukuncin bai cire littattafan daga makaranta ba, kuma ina ganin daidai ne da bai cire ba, domin ƙa'idar da ta ba iyaye damar janye ɗansu ita ce ke hana masu rinjaye a wata gunduma su tilasta wa ɗan Musulmi nasu ra'ayin, ko na wane ɓangare ne.

Ba zan zaɓa miki jam'iyya ba, Hajiya, amma zan tuna miki abubuwa biyu. Manhajar makaranta a Amurka jiha da hukumar makarantun gunduma ne ke tsara ta, shugaban ƙasa ba shi da hannu a cikinta sai kaɗan, kuma mambobin waɗannan hukumomi a mafi yawan wurare zaɓensu ake yi, a zaɓukan da mutane ƙalilan ke fitowa, inda ƙuri'arki ta fi ƙarfi. Na biyu, dokar 1964 da aka kafa hujja da ita a shari'ar Bostock, ita ce dai Kotun Ƙoli ta dogara da ita a 2015 ta ba wata Musulma gaskiya a kan kamfanin sayar da tufafi da ya ƙi ɗaukarta aiki saboda hijabinta. Duk wanda ya yi miki alkawarin raunana dokokin hana bambanci domin ya ƙuntata wa wasu, ki bincika ko raunin zai tsaya a kansu kaɗai.

Tambaya: Malam, shin wannan batu yana sa a ci zaɓe ko a faɗi a Amurka? Daga wani ɗan jarida.

Amsa: Abokin aiki, yana taimakawa a gefe, amma da wuya ya zama shi ne ke yanke hukunci. Misalin da aka fi kawowa shi ne Ohio a 2004, inda Bush ya yi nasara da tazarar ƙuri'a kimanin 118,000 a ranar da jihar ta haramta auren jinsi, kuma da ya rasa jihar da ya rasa kujerarsa. Har yau masana siyasa ba su daidaita ba kan ko ƙuri'ar raba gardamar ce ta fito masa da masu zuwa coci, ko kuwa batun tsaro da yaƙin Iraƙi ne suka yi aikin. A 2016 abin ya juya a Carolina ta Arewa, inda gwamna Pat McCrory ya sa hannu kan dokar da ta ƙayyade banɗakin da masu sauya jinsi za su shiga, kamfanoni da masu shirya wasanni suka ƙaurace wa jihar, ya kuma faɗi zaɓe da tazarar ƙuri'a kimanin 10,000 a shekarar da Trump ya ci jihar.

A 2024 kwamitin yaƙin neman zaɓen Trump ya kashe maƙudan daloli kan tallan talabijin da ke sukar Kamala Harris a kan batun sauya jinsi, ana saka shi a tsakiyar wasannin ƙwallo domin ya isa ga maza, kuma bayan faɗuwarsu wasu 'yan Dimokurat sun amsa cewa ya yi musu illa. Gavin Newsom, gwamnan Kalifoniya, wanda a matsayin magajin garin San Francisco ya ba da takardun auren jinsi tun a 2004 ba tare da izinin dokar jiha ba, ya ce a 2025 barin masu sauya jinsi su kara da mata a wasanni rashin adalci ne. Amma a zaɓen gwamnan Virginia na Nuwamban 2025 'yar takarar Rifablikan, Winsome Earle-Sears, ta maimaita irin wannan talla, ta kuma sha kaye da tazara mai faɗi a hannun Abigail Spanberger, wadda ta tsaya a kan tsadar rayuwa da ayyukan yi.

A zaɓen Nuwamba za a cike dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai, da kimanin kashi ɗaya cikin uku na Majalisar Dattawa, da kujerun gwamna a jihohi 36. Zaɓen 2024 ya ba Rifablikan kujeru 220 a kan 215 a Majalisar Wakilai da 53 a kan 47 a Majalisar Dattawa, kuma a al'ada jam'iyyar shugaba mai ci tana rasa kujeru a zaɓen rabin wa'adi, kamar yadda ya faru da Obama a 2010 da Trump a 2018. Ko da Dimokurat ta ƙwace Majalisar Wakilai, Dokar Daidaito za ta sake cin karo da ƙa'idar sanatoci 60, bayanta kuma akwai ikon shugaban ƙasa na ƙin sa hannu, kuma wannan ƙa'ida ce dai ke taka wa ƙudurorin Rifablikan kan masu sauya jinsi birki. Saboda haka idan za ka rubuta rahoto, ka sa ido a kan zaɓen gwamnoni da majalisun jihohi irin su Mishigan da Wisconsin da Arizona da Georgia, domin a irin waɗannan majalisu ake rubuta dokokin makaranta da na asibiti da na wasanni, kuma sa hannun gwamna ko ƙinsa ne ke tabbatar da su ko ya kashe su.